Tafiyar Maƙala Daga Hannun Marubuci Zuwa Shafin Mujalla: Jagora Kan Bitar Masana

Duk malamin jami'a ko ɗalibin digiri na uku da ya taɓa aika maƙala ga wata mujallar ilimi ya san irin shirun da kan biyo baya. Mutum ya kwashe shekara ɗaya ko biyu yana fama da bincike, ya tura, sai na'ura ta maido masa da saƙo mai ɗauke da lambar rajista, daga nan kuma watanni su shuɗe bai ji komai ba. A cikin wannan shirun maƙalar tana wucewa ta hannun mutane huɗu ko biyar, kowannensu da tambayar da yake yi mata, kuma marubucin da ya san tambayoyin tun kafin ya aika ya fi kusa da ganin aikinsa a buge. Tsarin shi ne bitar masana, wato miƙa rubutu ga waɗanda suka ƙware a fanninsa domin su auna shi kafin edita ya yanke hukunci. Batu ne da ya shafi abincin malami kai tsaye, domin a jami'o'in Najeriya ƙarin girma yana rataye ne da maƙalolin da suka bi ta wannan hanya, haka ma a Nijar, inda hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu take tantance malaman jami'o'in ƙasashen da ke cikinta.

Tsarin bai kai tsufan da ake zato ba. Mujallar Philosophical Transactions ta fara fitowa a Landan a 1665 ƙarƙashin Henry Oldenburg, amma shekaru aru-aru edita ne da 'yan majalisarsa suke zaɓen abin da za a buga. Ko a 1936, da Albert Einstein da Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review maƙala, editanta John Tate ya ba wani masani ya duba, sai Einstein ya fusata ya janye ta, bisa hujjar cewa bai ba da izinin a nuna wa kowa ita kafin bugawa ba. Mai bitar ne yake da gaskiya: akwai kuskure a cikin lissafin, kuma da maƙalar ta fito a wata mujallar a 1937 an riga an sauya sakamakonta. Mujallar Nature ma sai a 1973 ta wajabta aika duk maƙalar da za ta buga ga masu bita na waje.

Kafin a aika

Bita tana farawa ne tun daga zaɓen mujalla, kuma a nan ake tafka kuskuren da ya fi cin lokaci. Kowace mujalla tana da shafin da ta bayyana manufarta da iyakar fannin da take karɓa, da wani shafin na ƙa'idojin marubuta. Ya kamata marubuci ya karanta su duka, sannan ya ɗauki fitowa biyu ko uku na baya-bayan nan ya duba ko maƙalarsa za ta zauna a tsakanin waɗanda aka buga ba tare da ta zama baƙuwa ba. Hanya mai sauƙi ita ce ya kalli manazartarsa: mujallar da ya fi yawan kafa hujja da ita galibi ita ce inda ake tattauna batunsa. Wanda ya yi nazarin karin harshen Sakkwatanci yana da masu karatu a mujalla irin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, kuma aika irin wannan aiki ga mujallar da ta fi mayar da hankali kan ilimin koyarwa ɓata watanni ne kawai.

Dole kuma a tabbatar cewa mujallar tana yin bitar da take iƙirari. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi mai cike da kurakuran da ɗalibin kimiyya zai gane, ya aika ta ga mujallu 304 masu karɓar kuɗin bugawa, sai 157 daga cikinsu suka amince su buga ta. Mujallar da ta turo wa mutum saƙon gayyata cike da kirari, ta yi alkawarin bugawa cikin kwana bakwai, kuma tana karɓar likitanci da adabi da aikin injiniya a fitowa ɗaya, ta riga ta bayyana kanta. Ana iya neman sunan mujalla a rumbunan intanet da suke jera mujallun da aka tantance, irin su DOAJ da Scopus, ko a AJOL ga mujallun Afirka, amma a duba a shafin rumbun kansa, domin mujallar bogi ba ta jin nauyin liƙa tambarin da ba nata ba.

Ƙa'ida guda da ba a sassautawa ita ce ba a aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Sai wadda aka fara ba ta mayar da ita, ko marubuci ya janye a rubuce, sannan a kai wani wurin.

Ƙofar farko: ofishin mujalla

Yawancin mujallu suna karɓar maƙala ta manhajar intanet, kamar Editorial Manager ko ScholarOne, yayin da mujallun jami'o'i da dama suke amfani da OJS saboda kyauta ce. Wanda zai fara buɗe maƙalar ma'aikacin ofis ne, kuma ba ruwansa da zurfin binciken. Abin da yake dubawa shi ne ko an cika sharuɗɗa: yawan kalmomi, tsarin manazarta, tsakure (taƙaitaccen bayanin maƙalar), jadawalai da hotuna, sunayen marubuta da gudummawar kowannensu, bayanin wanda ya ɗauki nauyin binciken, da bayyana duk wata alaƙa ta kuɗi ko ta aiki da za ta iya karkatar da marubuci. Idan binciken ya shafi mutane ko dabbobi, za a nemi shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wadda ake samu kafin a fara tattara bayanai, ba bayan an gama ba. Gwajin magani a kan marasa lafiya yana da ƙarin sharaɗi: tun daga 2005 manyan mujallun likitanci da ke cikin kwamitin editocin mujallun likitanci na ICMJE ba sa karɓar gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a kafin a fara ɗaukar mutane ba, kuma Afirka tana da nata rumbun rajistar, wato PACTR.

A wannan mataki ne ake saka rubutun a manhajar gano kamanceceniya, irin su iThenticate. Manhajar ba ta yanke hukuncin satar fasaha, tana nuna inda jimloli suka yi daidai da na wani rubutu ne kawai, sai mutum ya duba ya tantance. Abin da sababbin marubuta suka fi mantawa shi ne kwafo sakin layi daga tsohuwar maƙalarsu ba tare da ambata ba shi ma laifi ne a idon mujalla.

Teburin edita

Daga ofis sai maƙala ta isa hannun babban edita, ko wani daga cikin mataimakansa da fannin ya shafa. Tambayarsa ita ce ko wannan aiki ya cancanci a ɗora wa masana biyu ko uku nauyin karanta shi. Yakan karanta take da tsakure da wasiƙar gabatarwa, ya leƙa jadawalai da kammalawa, kuma sau da yawa cikin 'yan mintuna ya san inda ya dosa. Idan batun ya fita daga fannin mujallar, ko babu wani sabon abu, ko dabarar binciken ba za ta iya ɗaukar nauyin iƙirarin da aka ɗora mata ba, ko harshen ya rikice har ba a gane manufa, sai ya mayar da ita nan take ba tare da bita ba. A manyan mujallu irin Nature da Science mafi yawan maƙalolin da ake aikawa a nan suke tsayawa, kuma waɗanda ake bugawa a ƙarshe ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Wannan mayarwa tana da ɗaci, amma a ganina ita ce mafi sauƙin asara a duk tafiyar, tunda tana zuwa cikin kwanaki ko makonni kaɗan, marubuci ya gyara ya nufi wata mujallar. Darasin da ke ciki shi ne tsakure ya faɗi abin da aka gano da alƙalumansa. Tsakuren da ya ƙare da cewa an tattauna sakamako kuma an ba da shawarwari bai gaya wa edita komai ba.

Neman masu bita

Idan maƙala ta tsallake, edita zai nemi masu bita, galibi biyu ko uku. Yana samo su daga manazartar maƙalar, daga rumbun sunayen mujallar, da kuma waɗanda ya sani a fannin. Yana guje wa wanda yake sashe ɗaya da marubuci, ko wanda suka yi rubutu tare a 'yan shekarun nan, ko malamin da ya duba masa kundin digiri. Yawancin jinkirin da marubuta suke kuka da shi a nan yake faruwa, domin bita aikin sa-kai ne da akasari ba a biya, kuma edita yakan gayyaci mutane da yawa kafin biyu su amsa. Wasu mujallu suna ba marubuci damar ba da sunayen waɗanda yake ganin sun dace, da waɗanda yake so a kauce musu. An ci amanar wannan dama: a 2017 kamfanin Springer ya janye maƙaloli 107 daga mujallar Tumor Biology bayan an gano cewa an ba da sunayen masana tare da adireshin imel na bogi, rahotannin yabo kuma suna fitowa daga hannun waɗanda ba su ba. Shi ya sa editoci da yawa yanzu suke neman adireshin jami'a ko na cibiyar bincike.

Akwai salo uku na ɓoye suna. A na farko mai bita ya san marubuci, marubuci bai san shi ba, kuma wannan ya fi yawa a kimiyya. A na biyu kowa a rufe yake ga ɗan'uwansa, salon da ya fi karɓuwa a fannonin zamantakewa da harshe da adabi. A nan wajibi ne marubuci ya cire sunansa daga rubutun, da shafin godiya, da bayanan da kwamfuta take ajiyewa a cikin fayil, kuma ya guji jimla irin "kamar yadda muka nuna a bincikenmu na baya". Na uku shi ne buɗaɗɗiyar bita, inda mai bita yake sa hannu a rahotonsa, kamar yadda mujallar BMJ take yi tun 1999. Ga mai bincike daga jami'ar da ba ta yi suna a duniya ba, salo na biyu yana da amfani na zahiri, domin yana rage damar a auna adireshinsa kafin a auna aikinsa.

Abin da mai bita yake nema

Ana ba mai bita makonni biyu zuwa huɗu a mujallun kimiyya, a fannonin adabi da tarihi kuma yakan fi haka. Rubutun amana ne a hannunsa: ba ya nuna wa kowa, ba ya amfani da abin da ya gani a nasa aikin. Gogaggen mai bita yakan yi karatu biyu. A na farko yana neman amsar tambaya ɗaya, wato me marubucin yake iƙirarin ya gano. A na biyu yana bin sawun iƙirarin zuwa baya, ya ga ko hujjojin da aka kawo sun isa su riƙe shi.

Mafi yawan lokacinsa yana tafiya ne a sashen dabarun bincike, kuma ya kamata marubuci ya ba wannan sashe irin wannan muhimmancin. Mai bita zai tambayi yadda aka zaɓi waɗanda aka yi binciken a kansu, da dalilin da ya sa adadinsu ya isa, da ko akwai rukunin kwatanci, wato wani rukunin da za a gwada sakamakon da shi, da ko wani mai bincike zai iya maimaita aikin daga bayanin da aka bayar. A ɗauki misali da wanda ya raba takardar tambayoyi ga ɗaliban makaranta ɗaya a cikin birni, sannan a kammalawa ya yi magana a kan ɗaliban jiha baki ɗaya: bayanansa na iya zama sahihai, amma iƙirarin ya fi ƙarfinsu, kuma wannan shi ne abin da za a fara kamawa. Haka nan wanda ya ga abubuwa biyu suna tafiya tare ya ce ɗaya ne ya haddasa ɗayan. A likitanci akwai jerin ƙa'idojin bayar da rahoto da masu bita suke aunawa da su, CONSORT ga gwajin magani, STROBE ga binciken lura, PRISMA ga nazarin da ya tattara binciken da aka riga aka yi, kuma bin su tun lokacin rubutu yana toshe tambayoyi da yawa. A fannin harshe da adabi mai bita yana duba ko ra'in da aka ɗora aikin a kansa ya yi aiki a cikin nazarin ko an ambace shi ne kawai a gabatarwa aka manta da shi, da ko misalan da aka kawo an faɗi inda aka samo su.

Bayan haka sai ya duba ko alƙaluman da ke cikin jadawali sun yi daidai da na cikin bayani, ko an san ayyukan baya-bayan nan a fannin, da ko marubuci ya faɗi raunin bincikensa da kansa. Faɗin rauni ba ya rage wa maƙala daraja, ɓoye shi ne yake sa mai bita ya fara zargin sauran abin da aka rubuta.

Rahoton yakan kasu biyu: sharhin da marubuci zai gani, mai ɗauke da manyan matsaloli da ƙanana, da kuma bayanin sirri ga edita tare da shawarar abin da ya kamata a yi.

Hukunci

Masu bita shawara suke bayarwa, edita ne mai yanke hukunci, kuma ba ƙidayar ƙuri'a yake yi ba. Yana iya bin mai bita ɗaya da ya kawo hujja mai ƙarfi ya bar biyu da suka yi yabo ba dalili, ko ya nemi na uku idan biyun farko sun saɓa. Karɓa ba tare da gyara ba a zagayen farko abu ne da ba safai ake gani ba. Ƙaramin gyara yana nufin an kusa. Babban gyara yana nufin edita yana son aikin amma akwai abin da sai an sake, kuma babu alkawarin karɓa. Wasu mujallu suna mayar da maƙala tare da izinin a sake aiko ta a matsayin sabuwa. Sai kuma mayarwa ta ƙarshe. Sababbin marubuta da yawa suna ɗaukar babban gyara a matsayin kora su watsar da maƙalar, alhali yawancin abin da suke karantawa a mujallu ta wannan ƙofar ya bi.

Amsa wa masu bita

A nan ake samun maƙala ko a rasa ta. Idan rahoto ya zo, ya fi kyau marubuci ya karanta ya ajiye shi kwana biyu, domin amsar da aka rubuta cikin zafin rai ba ta yin kyau. Sannan ya buɗe sabuwar takarda ya kwafo kowane sharhi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin kowanne ya rubuta abin da ya yi, da shafi da layin da gyaran yake, har ya kawo sabuwar jimlar idan gajeriya ce. Ba a tsallake ko da sharhi ɗaya, domin akasari maƙalar tana komawa ne ga waɗannan masu bitar, kuma abin da kowannensu zai fara nema shi ne nasa sharhin. Tare da wannan takarda ana aika kwafin maƙalar da aka yi wa alama a wuraren da aka sauya.

Ba dole ba ne a amince da komai. Idan mai bita ya yi kuskure, a faɗa cikin ladabi tare da hujja, a kawo madogara ko ƙarin lissafi. Idan bai fahimci wata jimla ba, ya fi dacewa a gyara jimlar maimakon a yi masa bayani a cikin wasiƙa kawai, tunda mai karatu na gaba zai iya yin tuntuɓe a wuri ɗaya. Idan ya nemi sabon gwajin da ba zai yiwu ba, a bayyana dalili, a rage faɗin iƙirarin, a saka batun cikin raunin binciken. Idan masu bita biyu suka nemi abubuwa masu karo da juna, a zaɓi ɗaya a faɗi dalili, a kuma jawo hankalin edita. Akwai kuma wanda zai turo jerin maƙaloli ya ce a ambace su, ga shi dukansu na mutum ɗaya ne kuma ba su da alaƙa da batun. Marubuci yana da 'yancin ɗaukar wanda ya dace ya bar saura, ya kuma sanar da edita, domin ƙa'idojin kwamitin COPE, wanda editoci suka kafa a 1997 don kula da ɗa'ar wallafa, sun hana mai bita amfani da matsayinsa ta wannan hanya.

A kiyaye wa'adin da aka bayar, idan kuma ba zai isa ba a nemi ƙari kafin ya cika. Zagaye biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Idan shiru ya wuce lokacin da mujallar ta ce tana ɗauka, gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da lambar maƙala ta wadatar. Ɗaukaka ƙara a kan mayarwa yana yiwuwa, amma sai an nuna takamaiman kuskure a cikin bitar, kuma mafi yawan lokuta gyara maƙalar da sharhin da aka samu a kai ta wata mujallar ya fi sauri. Aika ta yadda take ba tare da gyara ba kasada ce, domin a ƙaramin fanni tana iya sake faɗawa hannun mutumin da ya duba ta a baya.

Bayan karɓa

Idan an karɓa, sai yarjejeniyar haƙƙin mallaka, da kuɗin bugawa a mujallun da suke buɗe maƙalolinsu kyauta ga masu karatu. Kamfanonin wallafa da dama suna da tsarin ragi ko yafewa ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma galibi a lokacin aikawa ake nema. Daga nan sai gurzar ƙarshe, wato maƙalar yadda aka tsara ta don bugawa, wadda ake ba marubuci kwana biyu ko uku ya duba. Kurakuran bugu kawai ake gyarawa a wannan mataki, tare da tabbatar da sunaye da alƙaluman jadawali, sannan a ba maƙalar lambar DOI da za a riƙa nemanta da ita.

Ya kamata marubuci da mai karatu su san iyakar abin da wannan tsari yake tabbatarwa. Mai bita ba ya shiga ɗakin gwaji, ba ya maimaita binciken, kuma sau da yawa ba ya ganin ainihin bayanan da aka tattara, saboda haka yana kama raunin dabara fiye da yadda yake kama ƙarya da aka tsara. A 1982 Douglas Peters da Stephen Ceci sun ɗauki maƙaloli 12 da aka riga aka buga, suka sauya sunayen marubutan da na jami'o'insu, suka mayar wa mujallun da suka buga su tun farko. Uku kawai aka gane, kuma cikin tara da suka rage an yi watsi da takwas. Maƙalar Andrew Wakefield da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda na MMR da lalurar galahanga (autism) ta fito a mujallar The Lancet a 1998, ba a janye ta gaba ɗaya ba sai a 2010, bayan ta riga ta sa iyaye da yawa a Birtaniya sun guji rigakafin. Saboda irin wannan ne mujallu da yawa yanzu suke neman marubuci ya ajiye bayanan bincikensa a rumbun da kowa zai iya dubawa, kuma idan shi da kansa ya gano kuskure bayan bugawa, hanyar da aka tanada ita ce ya rubuta wa edita, a fitar da sanarwar gyara idan kuskuren ƙarami ne, ko a janye maƙalar idan ya rushe sakamakon.